Daren da Auta ya manta WHERE

(Hira ce a zauren intanet na Hausawa masu aikin rumbun bayanai na kwamfuta a Legas.)

Auta: Salamu alaikum. Don Allah akwai babba a kusa? Na yi ɓarna.

Bagobirin Yaba: Wa alaikumus salam. Daren Juma'a, takwas saura, yaro ya ce ya yi ɓarna. Jama'a a shimfiɗa tabarma. DELETE ne ko UPDATE, wato gogewa ka yi ko canzawa?

Auta: UPDATE ne, Yaya. Oga ya ce in gyara lambar wayar mutum ɗaya a teburin kwastomomi. Na rubuta umarnin layi biyu, WHERE ɗin, wanda ke faɗin layin wa za a taɓa, yana ƙasa. Wajen zaɓa ashe layin sama kaɗai na kama, na danna. Sai na ga ya ce layi 61,204 sun canza. Yanzu duk kwastomominmu lambar waya ɗaya gare su, ta wata mata mai shago a Mushin.

Bagobirin Yaba: Allahu akbar. Madam ta kwanta da kwastoma goma ta tashi da dubu sittin.

Na Kano: Hhhh. Barka da shigowa sana'a, ƙanena. Yau aka yanka maka ragon suna.

Hajiya Bakof: Auta, ɗauke hannunka daga kan kwamfutar tukuna. Kar ka sake danna komai, kar ka rufe tagar. Amsa min uku: wane rumbu ne kuma wane zubi, ka buɗe da BEGIN (umarnin da ke riƙe canji har sai ka tabbatar da shi da COMMIT) kafin ka danna, yaushe aka ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe?

Auta: MySQL 8 ne, Hajiya. Ban yi BEGIN ba. Kwafi kullum ƙarfe biyun dare yake ɗaukar kansa. Ga hoton allon.

Sarkin Zaure: Na goge hoton. Auta, sunayen mutane da lambobin asusunsu ne a fili a ciki, mu kuma mun haura ɗari a nan. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kar ka fito daga rami ka faɗa rijiya. Rubuta abin da ka gani da hannunka.

Auta: Afuwan, ranka ya daɗe. Kaina ne ba ya aiki.

Hajiya Bakof: Tunda ba BEGIN, MySQL ya riga ya tabbatar da canjin da kansa, ROLLBACK, umarnin janye canji, ba zai yi maka komai ba. Yanzu wata tambayar da ta fi waɗancan: kamfaninku yana tura saƙon waya?

Auta: E. Lambar sirri ta shiga manhaja, da kuma tunatarwar biyan bashi ƙarfe bakwai na safe.

Hajiya Bakof: To ka ga inda gizo ke saƙar. A daidai wannan minti duk wanda ya nemi lambar shiga, wayar matar Mushin take zuwa. Kira ogan ka yanzu, a tsayar da tura saƙo. Yanzu, ba bayan Isha ba.

Na Kano: Hajiya a bari yaro ya gyara tukuna mana. In ya gyara cikin awa ɗaya wa ya sani? Oga a Legas ba ya jin "na yi kuskure", "kawo katin shaidarka" yake ji.

Hajiya Bakof: Rumbun ya sani. Komai yana rubuce da lokacinsa. Ranar Litinin in aka tono, laifin ya zama biyu, na biyun kuma shi ne ba a yafewa.

Ɗan Zazzau: Ai shawarar Bakano kenan, a rufe tukunya da faifai a ce ba a dafa komai ba.

Na Kano: Bazazzagi kai da ka zo Ikko da buhun citta, yaushe ka fara ba da fatawa a kan rumbu?

Auta: Na kira shi. Yana kan gadar Third Mainland, go-sulo ya riƙe shi. Ya yi shiru kamar minti ɗaya, sannan ya ce wani zai kashe saƙon daga gida, ni kuma kar in bar ofis.

Bagobirin Yaba: Wannan shirun na minti ɗaya, a cikinsa ya kore ka ya dawo da kai sau uku.

Ɗan Zazzau: Ni fa gaskiya bari in faɗa. Yaron nan watansa biyar da samun aiki bayan hidimar ƙasa, hannunsa na rawa, ku kuna ta hhhh. Ba kowane lokaci ne na wasa ba. In aka sallame shi gobe ku za ku biya masa haya a Agege?

Bagobirin Yaba: Malam, ai ba shi muke wa dariya ba, kanmu muke tunawa.

Ɗan Zazzau: Haka mai dariya yake cewa kullum.

Baba Oracle: Salamu alaikum. Yanzu na idar da salla na ga saƙo tamanin. Ɗan Zazzau, maganarka tana da gindi, amma bari in ba ka nawa ka auna. A 2006 ina aiki a wani kamfani a Marina. Taga biyu a gabana, duk baƙaƙe, ɗaya sabar gwaji ɗaya ta aiki (saba ita ce kwamfutar da rumbu ke zaune a kai). Na buga TRUNCATE, umarnin da ke share duk abin da ke cikin tebur, a wadda nake zaton ta gwaji ce. A rumbun Oracle wannan umarnin ba ya jiran COMMIT, ba ya jin ROLLBACK, yana gamawa ya gama. Teburin albashi ne, saura kwana huɗu wata ya ƙare. Ogan da nake da shi a lokacin mutum ne da in ka yi kuskure sai ya tara sashe duka ya karanta maka a gabansu. Saboda haka na yi shiru. Kwana biyu ina ta dabara ni kaɗai, ina harhaɗa teburin daga tsofaffin takardu, ban ci abincin kirki ba, har matata ta ɗauka aure zan ƙara. Da abin ya fito, kaset ɗin ajiyar yana wani sito a Apapa, sai a kan acaba na je na ɗauko shi cikin ruwan sama, na cusa shi cikin riga. Aikin da zai ɗauki awa uku da na yi magana ranar farko, ya ci kwana biyar, albashi ya makara. A lokacin da ina da wurin da zan ce "na yi ɓarna" a yi min dariya a kuma ce ɗauke hannunka, da ban kai haka ba. Auta ya yi minti nawa kafin ya faɗa mana? Bai kai goma ba. Ya faɗa ne don ya sha ganin ana yi wa manya tsiya a nan ba wanda ya mutu. Tun daga ranar dai tagar sabar aiki ja ce a kwamfutata, ja wur, har yau.

Ɗan Zazzau: Na ji, Baba. Amma a bari a fitar da shi daga ruwa kafin a tambaye shi ko ya iya iyo.

Baba Oracle: Wannan kuma gaskiyarka. Hajiya, ci gaba.

Hajiya Bakof: Auta, kar ka kuskura ka zuba kwafin jiya a kan sabar aiki. Daga biyun dare zuwa yanzu mutane sun biya bashi, wasu sun yi rajista, duk za ka shafe su. A wata saba daban za ka ɗora shi, mu ɗebo ginshiƙin lambar waya kaɗai. Duba min girman fayil ɗin jiya.

Auta: Hajiya... bayit 20 ne.

Hajiya Bakof: Na shekaranjiya fa?

Auta: Bayit 20. Duk na wannan watan haka suke. Na ƙarshe mai nauyi na ranar 3 ga watan jiya ne.

Bagobirin Yaba: Innalillahi. Rumbu ya tashi daga na hatsi ya koma na iska.

Hajiya Bakof: Na san wannan ashirin ɗin kamar yunwar cikina. Fayil ɗin gzip ne, wato matsattsen fayil, da ba komai a ciki. Wani ya canza kalmar sirri, mysqldump mai ɗaukar kwafin yana faɗuwa kowane dare, gzip kuma yana matse babu ya ajiye da suna mai kyau da kwanan wata. Kowa ya leƙa ya ga fayil ya ce alhamdulillahi. Shi ya sa kuke ce min Hajiya Bakof, wato kwafin ajiya, kuna dariya. Kwafin da ba a taɓa gwada mayar da shi ba, ni ban ɗauke shi kwafi ba.

Sarkin Zaure: Ba ƙananan kamfanoni kaɗai ba. Ku tuna kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairun 2017. Injiniyansu cikin dare, a gajiye, ya goge jakar bayanan rumbunsu na PostgreSQL a babbar saba yana zaton ta biyun ce. Wajen gigabayit 300, kafin ya tsayar saura kamar 4.5. Da suka juya ga hanyoyin ajiyarsu biyar, ba wadda ta yi aiki yadda aka zata. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan awa shidan kuma suka tafi. Abin da ya burge ni, a YouTube suka nuna aikin gyaran kai tsaye duniya na kallo.

Na Kano: A nan ka gwada haka, kafin ka gama gyara an sa hotonka a jarida.

Hajiya Bakof: Ba mu mutu ba tukuna. MySQL 8 yana zuwa da binlog, kundin da ke rubuta duk canjin da aka yi, a kunne, sai in wani ya kashe, kuma yana riƙe na kwana 30. A tsarinsa na asali, duk layin da aka canza yana rubuta yadda yake kafin canji da yadda ya koma. Ma'ana tsofaffin lambobin nan 61,204 suna kwance a ciki. Auta, buga SHOW BINARY LOGS ka gaya min, sannan ka duba binlog_format da binlog_row_image.

Auta: Akwai su! ROW ne, ɗayan kuma FULL.

Hajiya Bakof: Alhamdulillahi. Kwafe fayil ɗin yau zuwa wani wuri kafin komai. Sannan ka buɗe kwafin da mysqlbinlog, ka sa masa -v da --base64-output=DECODE-ROWS, ka taƙaita shi da lokacin da abin ya faru. Za ka ga kowane layi da tsohuwar lamba a sama, sabuwa a ƙasa. Ka tsamo id da tsohuwar lamba ka zuba a sabon tebur na wucin gadi. Kar ka taɓa teburin gaske sai na ce. Zo ta akwatina mu rubuta tare.

Bagobirin Yaba: Da PostgreSQL ne...

Hajiya Bakof: Da PostgreSQL ne ma haka za ta faru, tunda bai yi BEGIN ba. Zauna.

Bagobirin Yaba: Amma mu ko DROP TABLE ka yi a cikin BEGIN kana iya janyewa. Giwa, tambarin PostgreSQL, ba ta mantuwa. Ku kuwa rumbun naku ma sunan 'yar mai shi aka sa masa. Monty Widenius, mutumin Finland, 'yarsa My, ya ce MySQL. Da Oracle ta saye kamfanin Sun a 2010 ta haɗa da MySQL, ya riga ya ware ya yi wani ya sa masa sunan ƙanwarta Maria, wato MariaDB. Da Bahaushe ne da yanzu muna kan HadizaDB.

Baba Oracle: Ka taɓo mu kenan.

Bagobirin Yaba: Baba ku da kuka shekara da shekaru kuna shiga da scott da tiger, sunan wani ma'aikacin Oracle da na kyanwar gidansu. Kuɗin lasisinku kuma sai an sayar da fili a Lekki.

Baba Oracle: Yaro, lokacin da ka karɓi albashinka na farko, a kan Oracle aka lissafa shi. Ka yi godiya.

'Yar Idi-Araba: Tunda ana tonon asiri kafin Auta ya dawo, ga nawa. Aikina na farko, ni na tsara teburin, na sa lambar waya a INT, nau'in ginshiƙin lambar lissafi, don na ga ai lamba ce. INT kuwa iyakarsa 2,147,483,647, lambar wayarmu ko an cire sifirin farko ta haura biliyan bakwai. Tsohon MySQL ne da ba ya ƙin karɓa, sai ya datse ya ajiye iyakar. Sati biyu ana rajista, kowa lambarsa 2147483647. Har wata a sashen talla ta zo tana tambayata wane ne wannan mutumin mai yawan asusu.

Na Kano: Hhhh, attajirin zaure.

'Yar Idi-Araba: Tun daga nan duk abin da ba za a tara ko a ɗebe ba, rubutu ne a wurina. BVN lamba 11, NIN lamba 11, lambar asusun banki 10, duk rubutu. Sai kuma ka aika wa wani, ya buɗe a Excel, ya cinye sifirin farko ya dawo maka da shi ya ce rumbunka ne ya lalace.

Sarkin Zaure: Excel ai ko Ingila ya kayar. A Oktoban 2020 masu cutar korona kusan 16,000 suka faɗi daga lissafinsu, saboda tsohon tsarin fayil ɗin ba ya wuce layi 65,536.

Ɗan Zazzau: To tunda kun ja ni. Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya sunayenmu ne. Wata manhaja da na gada, duk ranar da Sa'adatu ko Isma'il ko Mu'azu ya zo rajista sai ta faɗi. Abokan aikina Yarbawa da Ibo suka ce wai 'yan Arewa ne ke karya musu manhaja. Na duba, ashe sunan ake liƙawa kai tsaye cikin umarnin SQL, alamar nan ta tsakiyar Sa'adatu sai ta rufe zancen tun bai ƙare ba. Na ce musu ku gode wa Sa'adatu, ita ta nuna muku ƙofar da ɓarawo zai shigo, don ta wannan ramin ake cusa umarni a kwashe rumbu duka. Maganin da suka kawo? A hana sa alamar a suna. Mutum da sunansa na yanka, manhaja ta ce masa ba daidai ba ne. Sai da na yi sati ina faɗa kafin aka yarda a riƙa miƙa sunan daban, umarnin daban.

Na Kano: Yau Bazazzagi ya yi magana mai ma'ana, a rubuta kwanan wata.

Baba Oracle: Ni mutumin Ƙanƙara ne ta wajen uwa. Na taɓa ganin garin a wani rahoto an rubuta ?an?ara. Ɗanjuma ya zama ?anjuma. Rumbun yana kan tsarin haruffa na latin1, bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ku yara in za ku kafa sabo a MySQL ku tabbata utf8mb4 ne, ku huta.

'Yar Idi-Araba: Baba ba a maganar Muhammad. Mohammed, Muhammed, Moh'd, Muh'd, mutum ɗaya asusu huɗu. Ga kuma 1 ga Janairu. Wani wuri da na yi aiki suna tura saƙon taya murnar ranar haihuwa, duk shekara ranar sabuwar shekara sai layin saƙon ya cushe, don duk wanda bai san ranarsa ba ita aka rubuta masa. Kakata ma 1 ga Janairu ce, ita da ta ce da damina aka haife ta.

Bagobirin Yaba: Ni abokan wasana Yarbawa a ofis, komai ya tsaya sai su juyo, "Aboki, rumbunka ne." Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kodebuwa, bankuna suka rikice, wallahi sai da aka zo teburina aka ce in duba rumbu. Na ce sai dai ku ba ni kwalekwale.

Hajiya Bakof: Mun tsamo. Layi 61,204 cif a teburin wucin gadi, ba id da ya maimaitu. Mun ɗauki goma mun gwada da tsohon kwafin watan jiya, tara sun dace, ɗayan ya canza lamba ne a tsakani. Auta, yanzu BEGIN, sannan UPDATE ɗin da JOIN a kan id, kuma ka taƙaita shi ga layukan da har yanzu ke ɗauke da lambar Madam, saboda in wani ya gyara tasa da daren nan kar ka taka shi. Karanta shi sau biyu da ƙarfi kafin ka danna.

Bagobirin Yaba: Ka zaɓi layukan DUKA wannan karon.

Ɗan Zazzau: Bagobiri!

Auta: Hhh bar shi, Malam, na cancanta. Na danna. Layi 61,204. Na ƙirga masu lambar Madam, saura ɗaya, ita kanta.

Na Kano: Takbir!

Baba Oracle: Madalla. Allah ya yi muku albarka, Hajiya.

Auta: Wallahi ban san bakin da zan gode muku ba. Oga ya iso tun ɗazu, yana zaune a bayana da ledar gasasshiyar masara. Ya kira matar ya ba ta haƙuri. Ta ce lambobin sirri sun fi talatin da suka shigo mata, ta ɗauka 'yan damfara ne, ta cire layin ta sa a cikin gwangwanin madara. Maganar bayit 20 kuma ya ce shi ne ya canza kalmar sirrin watan jiya.

Bagobirin Yaba: Ka ga Allah. Ka shiga da laifi ɗaya ka fito da na oga a hannu. Kar ka yi murmushi a gabansa.

Sarkin Zaure: Hukuncin zaure kamar kullum: tsire na mutum goma a Agege ranar Lahadi bayan La'asar, Auta ke biya. Hajiya ba ta layi.

Hajiya Bakof: Tsiren ya jira albashi. Abin da nake so kafin Litinin: a gyara ajiyar, a sa ta yi ƙara in fayil ya gaza girman da aka saba, kuma ka mayar da kwafi ɗaya a sabar gwaji da hannunka ka gani. Sannan ka kunna safe-updates, zai ƙi UPDATE ko DELETE da ba WHERE mai makulli ko LIMIT.

Bagobirin Yaba: Gaya masa ɗayan sunan nasa mana.

Hajiya Bakof: --i-am-a-dummy. Wato "ni dolo ne". Da gaske haka masu MySQL suka sa masa, kuma a kunne yake a kwamfutata shekara goma.

Auta: Yanzu zan kunna. Ɗaya saura na dare, ba motar Agege, a ofis zan kwana. Sai da safenku.

Baba Oracle: Auta. Kafin ka rufe kwamfutar. A wace taga ka yi ƙirgar nan?

Auta: A wadda na yi gyaran, Baba.

Baba Oracle: Buɗe wata sabuwa ka sake ƙirgawa.

Auta: Baba 61,205 yake nuna min. Duk lambar Madam ce. Innalillahi, me ya faru kuma?

Hajiya Bakof: Ka yi BEGIN. Me ke biye da shi?

Auta: ...

Auta: COMMIT. Na yi yanzu. Saura ɗaya a duka tagogin.

Sarkin Zaure: Tsire na mutum goma sha biyar.